Wanzamin da Ya Aske Maɗaci

Tun zamanin da ake ciniki da wuri, fatake na bi ta Maska da jakunansu niƙi-niƙi da kaya, akwai wani ɗan ƙauye kusa da Tsiga da ake kira Gindin Maɗaci. Ba a sha wahalar raɗa masa suna ba. Wani ƙaton maɗaci ne tsaye a bakin hanya, mutum uku ba sa rungume shi, inuwarsa kuwa ko rana ta take tsaka sai ka ga tsoho ya jawo mayafi. A ƙofar gidan wanzamai yake, kuma a lokacin da nake ba ku labari Maiwada ne ya gaje shi, haɗe da zabirar ubansa.

Gaskiya dai Maiwada ba wani gwanin aski ba ne. Hannunsa da nauyi, askarsa na cizo, bakinsa kuma ba ya hutawa. Shitu, ɗaya wanzamin garin, ya fi shi iya riƙon aska nesa ba kusa ba, sai dai shi ba shi da komai sai wata 'yar rumfar kara da rana ke leƙowa ta ko'ina. Saboda haka mazan gari kaf wurin Maiwada suke kai kawunansu, su sha inuwa, su jure yanka. Kowa ya san inuwar nan ce ke ciyar da gidan, ban da mutum ɗaya, wato shi Maiwadan. Shi a ganinsa hannunsa ake bi.

Shekara da shekaru uwarsa Inno ce ke share gindin itacen kowace safiya. Ta kwashe ganye da kashin awaki, ta tattara gashin da aka aske ta binne, don a garin nan ba mai yarda a bar gashinsa a yashe, kada wani mai mugun nufi ya tsinta. Ran nan sai bayanta ya ƙi miƙuwa. Ta kira shi, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, bayana ya ce ya gaji. Ga tsintsiya nan."

Maiwada ya juya ya dubi matarsa Hajo.

Hajo ta ce, "Kada ma ka dube ni, Maigida. Ga daka, ga rijiya, ga kaɗi. Ƙofar gida ai ta maza ce."

Ya ce, "Ni? Ni da nake juya kan mai gari da hannu ɗaya, in duƙa da tsintsiya jama'a na kallo? Allah ya kiyashe ni."

Kwana uku wurin ya yi kaca-kaca. Ranar Juma'a sai ga Baba Aƙilu, dattijon da duk garin ke jin maganarsa. Sanƙo ne da shi tas, ba abin askewa sai gemu, amma shekara goma ke nan kowace Juma'a yana zuwa Maiwada ya shafa masa wani maganin tsiron gashi da ya haɗa da kansa. Ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo, ya ce, "Wanzam, turken awaki ka mayar mana da majalisa?"

Maiwada ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Baba, shara aikin marasa dabara ne. Ni tabarma zan shimfiɗa wa wurin nan, tabarma mai rai. Ciyawa ce kore shar, ba ta son shara, ba ta son ban ruwa, ba ta son noma. Ka zauna a kai kamar ka zauna kan buzu. Na gani da idona a tafiyar da na yi Zazzau."

Kowa dai ya san bai kai Zazzau ba, a Maska ciwon ciki ya juyo da shi. Baba Aƙilu dai ya ce, "Tun ina yawo ba wando nake zama gindin itacen nan. Ko tafasa ban taɓa ganin ta tsira ba."

"Yo ai ba a taɓa samun mai hankalin da ya shuka ba ne, Baba."

Da ruwa ya sauka sai ya ari jaki ya nufi fadama, ya saro kirikiri haɗe da ƙasarta, mangala shida, ya jera a gindin maɗaci ya tattake. Da yamma wurin ya yi kyau, ba laifi, har ya aika a kira mutane su zo su gani. Awakin gari ba a aika musu ba, amma su suka riga kowa zuwa. Kafin gari ya sake wayewa sun yi wa tabarmar aski wanda ya fi na mai ita kyau.

Ya sake ɗebo wata, ya kewaye wurin da shingen sarƙaƙiya, ya bar wata 'yar kafa daidai yadda shi kansa zai kutsa. Ya manta ba kowa ne siriri irinsa ba. Mai gari Sanda ya zo aski da babbar rigarsa ta saƙi, ya sa kai zai shiga, ƙaya ta kama hannun riga. Ya juya zai ɓamɓare, wata ta kama baya. Ya sunkuya, ta cire masa rawani ta riƙe.

Mai gari ya ce, "Kai Maiwada, aski na zo ko tarko ka ɗana mini?"

"Ranka ya daɗe, don awaki aka yi."

"To ya kama babban bunsuru, sai ka zo ka kwance shi."

Jama'a suka yi ta ƙunshe dariya a hannun riga. Aka rushe shinge a ranar. Kuma duk wahalar banza ce, don ciyawar da ta tsira daga bakin awaki ta fara yin ɗorawa-ɗorawa, ta yi laushi, ta kwanta, cikin mako biyu ta koma ƙasa.

Maiwada ya ce shi dama can bai yarda da kirikiri ba, ciyawar talakawa ce. Ya tafi bakin rafi ya jawo duman kada, mai yaɗon nan da akuya ba ta ci. Ya dasa. Sai ya lura abin ɗan bakin ruwa ne, gindin maɗaci kuwa ganye ya tare, yayyafi ba ya ko sauka. Sai ga mutumin da ya fi ƙarfin tsintsiya yana jigilar tulu daga rijiya, safe da yamma, gumi na bin gemunsa.

Hajo ta leƙo ta kan danga. "Sannu Maigida. Wannan ce wadda ba ta son ban ruwan?"

"Na 'yan kwanaki ne, kafin ta saba."

"To Allah ya sa ta saba kafin wuyanka ya shige."

Wurin ya koma taɓo. Inda taɓo ya samu kuwa kwaɗi ba sa jiran gayyata. Wata safiya maƙwabcinsa Mati na zaune an jiƙa masa kai, aska na bin bayan kunne, sai wani kwaɗo ya ga ƙafar wando a buɗe ya faɗa ciki. Mati ya yi tsalle yana salati, aska ta tafi da ɗan gefen kunne.

Maiwada ya ce, "Kai ka motsa! A ƙa'idar aski ba a motsi."

Mati na riƙe da kunne ya ce, "A ƙa'idar aski akwai kwaɗo a wando?"

Ya kwashi hularsa ya nufi rumfar Shitu, shi ne mutum na farko da ya ƙaura. Duman kada ma bai daɗe ba ya bi sahunsa. Ya riƙa miƙa yaɗonsa waje yana neman rana, har ya rufe hanyar rijiya mata na tuntuɓe, ya bar gindin maɗaci fayau kamar ba a taɓa dasa komai ba.

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma ana tsakiyar damina sai aka kira Maiwada ya je ya yi wa Ɗanasabe ƙaho. Ɗanasabe Bamaguje ne, manomi na ji da gani, gidansa na can cikin gonarsa bayan gari. Maiwada na cikin tsotsar ƙaho sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton gawo a tsakiyar gonar. Dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina tsawo, ciyawa kuwa har kan saiwa. Ya saki ƙaho ya miƙe.

"Ɗanasabe, wane asiri ka binne a gindin itacen can?"

"Asirin me? Ɗaga kai ka gani, akwai ganye a kai? Gawo ke nan. Da damina ya zubar da ganye rana ta sauka, da rani ya mayar da abinsa shanu su sha inuwa. Haka Allah ya yi shi."

Maiwada ya tafa hannu. "Shi ke nan! Ashe maɗacina tarbiyya ce bai samu ba. Zan koya masa halin gawo. In aske shi ƙwal gab da saukar ruwa, ciyawa ta kama, kafin zafin kaka ya sake tofo. Ga tabarma, ga inuwa. Kai ne za ka hau mini da gatari."

Ɗanasabe ya ja da baya har ƙahon bayansa ya faɗo. "Aradu ba ni ba. Itace irin wancan da masu zama a kansa. Kuma ko ba su, gawo daban, maɗaci daban."

"Itace dai itace ne, kamar yadda kai kai ne. Shekara talatin ina aske kawuna, ban ga wanda bai sake tsira ba."

Wannan magana ta yi masa daɗi a baki ƙwarai, har ya yi ta maimaita ta a majalisa rani guda cur, yana aski cikin ganye da kashin awaki, Baba Aƙilu na ji yana shafa gemu.

Da bazara ta yi, ciyawa ta ƙare a daji, Maiwada ya nemo Manu, wani Bafillace da shanunsa suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Fulani sun saba sassaɓo wa shanu ganyen maɗaci a irin wannan lokaci, don haka Manu ya haye da adda yana murna. Ya sare rassa kaɗan ta gefe ya fara saukowa.

Maiwada ya ce, "Ina za ka? Ai ko ƙeya ba ka gama ba."

Manu ya ce, "Wanzam, mu haka muke yi. Ka ɗiba ka bar masa kai, baɗi ka dawo ka same shi. Wannan kuma tsoho ne, dubi cikinsa har ya fara kogo."

"Kai da ke bin saniya za ka koya mini aski? Ƙwal na ce. Kada ka bar ko zanko."

Manu ya dubi shanunsa, ya dubi Maiwada, ya ga ba shi ne da asara ba, ya koma sama. Kwana uku ana sara. Inno ta sa aka fito da ita ƙofar gida, ta ga abin da ake yi, ta koma ciki, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Da aka gama, maɗaci ya tsaya gundul, kututture da 'yan dungulmi biyar.

Shanu sun cinye ganye, rassa suka rage jibge a hanya. Sai ga Shitu ya zo ya durƙusa da ladabi. "Yaya Maiwada, ko za a taimaka mini da itatuwan nan?"

Maiwada ya ji daɗin durƙuson nan har cikin ransa. Ya ce, "Ɗebi, ɗebi duka. Ka je ka yi wa 'yar rumfar nan taka gata, ko kaji sa samu wurin fakewa."

Shitu ya yi godiya, ya yi ta jida har ya kwashe tas.

Ruwa ya sauka, kuma wallahi ciyawa ta fito. Kirikiri ta samu rana, ga takin awaki na shekaru, ta rufe wurin ruf, kore shar, irin wadda ba a taɓa gani a garin ba. Maiwada ya dinga tare matafiya yana nuna musu. Da yake damina ce, hadari na rufe rana, mutane suka ci gaba da zuwa da sassafe. In wani ya ɗaga kai ya dubi kututture sai Maiwada ya ce, "Tsiro na nan tafe. Wa ya taɓa ganin an yi aski yau gashi ya fito gobe?"

Sai dai tabarmar ta zo da nata hali. Duk gashin da ya faɗa cikinta ya shige ke nan, kuma ba mai tashi sai an tattara masa nasa ya gani da idonsa. Tsintsiya ba ta shiga ciyawa. Saboda haka bayan kowane aski sai ka ga Maiwada a rarrafe, gwiwa da hannu, yana tsintar gashi ɗaiɗai, mai kai na tsaye a kansa yana cewa ga wani can. Kwana uku kuma in bai sa lauje ba ta kai ƙwauri. Hajo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tabarmar da ake yi wa bauta irin wannan ba.

Aka ɗauke ruwa, zafin kaka ya sauko, irin wanda ke nunar da dawa. A shekarar nan Sallah ta faɗo daidai lokacin. Ranar jajibere kuwa babu namijin da ke kwana da gashi, ita ce babbar ranar wanzami a duk shekara. Tun da hantsi maza suka cika gindin maɗaci, don ƙafa ta saba, suka zazzauna kan ciyawa kowa ya tuɓe hula. Maiwada ya fara da mai gari.

Rana ta ɗaga. Babu ko ganye ɗaya tsakaninta da kawunan bayin Allah. Ruwan da ake jiƙa kai da shi kafin a ɗauko aska ya bushe, sai a sake jiƙawa. Gumi ya cika wa Maiwada ido, hannunsa na santsi, ya yanki mai gari sau biyu. Gefen da aka aske ya fara ƙyalli yana zafi kamar an ɗora masa kasko.

Mai gari ya ce, "Maiwada, wai ina inuwar da ka ce kafin kaka?"

"Ranka ya daɗe, tana hanya. Jiya ma na ga alamar toho a dungulmin can na gabas."

Kowa ya ɗaga kai. Abin da ke kan dungulmin gabas ungulu ce, ta buɗe fukafukai tana shan rana.

Maiwada ya yi ta maza ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Na faɗa na kuma, shekara talatin ina aske kawuna, ban ga wanda bai sake tsira ba."

Sai Baba Aƙilu ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali. Ya tako har gaban Maiwada, ya sunkuyar masa da kai, sanƙon nan na walƙiya cikin rana.

"Wanzam, duba nan da kyau. Shekara goma sha ɗaya ke nan kana shafa masa magani da hannunka. Wannan ba kai ba ne?"

Wurin ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har da masu faɗuwa kan ciyawa. Maiwada ya kawar da kai gefe. Baba Aƙilu kuwa bai yi dariya ba. Ya je ya ƙwanƙwasa kututturen da sanda, ɓawo ya ɓalle ya zubo, gara ta watse daga ciki. Ya ce, "Kakanka ya dasa shi, ubanka ya ci abinci a gindinsa har ya mutu. Mu dama ba hannunka muke bi ba, ɗan nan." Ya sa hularsa ya kama hanya.

Mai gari ya ture hannun Maiwada ya miƙe, rabin kai fari, rabi baƙi, ya bi bayansa. Sauran suka tashi ɗuu. Maiwada ya bi su da aska a hannu yana cewa a tsaya ko ya ƙarasa wa mai gari, har suka sha kwanar masallaci. Nan ya ja ya tsaya. Inda 'yar rumfar kara take a da, yanzu wata doguwar rumfa ce mai ginshiƙai goma sha biyu na jan itace, an yi mata rufi mai kauri da zana, mutum arba'in sa zauna a sake. Mati na ciki a kishingiɗe da gutsurarren kunnensa. Maiwada ya dubi ginshiƙan nan ya gane su ɗaya bayan ɗaya. Har da reshen da ubansa ke rataye zabira, ga gurbin igiyar nan bai goge ba. Abin ya soke shi a zuci ƙwarai, ya juya gida kafin a ga idonsa.

Aka yi Sallah, aka kwana bakwai, ba wanda ya kawo masa kai sai jakunan fatake da suka gano ciyawar. Rumbu kuma ba ya jin labarin Zazzau. Ran na takwas ya rataya zabira ya tafi wurin Shitu, ya yi ta kewaye-kewaye, wai ya zo ne ya taimaka wa yaro da ƙwarewa, don ya ga aiki ya yi masa yawa.

Shitu ya ce, "Madalla, Yaya, ga gefe can ka zauna. Abu ɗaya ne dai. A rumfar nan wanda ya zo daga baya shi ke shara."

Washegari da sassafe Maiwada zai fita sai ya tarar da Inno zaune a bakin zaure, ta ɗora wani abu a cinya. Ta miƙa masa, ashe tsintsiyar nan ce.

"Kai wannan, ungo. Tun bara take jiranka. Ka riƙa farawa daga gefe, kana tarawa tsakiya."